A SAURARI INJI KAFIN A BIYA KUƊƊIN MOTO

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Madawa, da Buza, da Keita. In albasa ta fita daga fadamar Tarka, kuɗɗi sunka shiga hannu, ƴan bida kuma sunka komo gida daga Abijan, ko Libiya, ko Najeriya, to lokacin cinikin moto ya zo. Sabon moto ba kowa ke iya sayen shi ba. Shi ya sa mutane da yawa ke neman na hannu, wanda ake kira okaziyo.

Moto ya daɗe da daina zama abin ado. Shi ke kai buhun taki garka. Shi ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. Da shi makiyayi ke bin sawun saniyar da ta ɓace. Wanda ya sayi moto mai ciwo a ciki ya yi asara biyu, ta kuɗɗin saye da ta kuɗɗin gyara. Wani lokaci har da ta uku, in moton ya tsaya ranar da anka fi bukatar shi, tsakanin duwatsun Adar, inda babu makaniki ko ɗaya.

Mai sayarwa na iya wanke moto, shi shafe shi da mai shina ƙyalli, shi sa sabuwar rigar kujera. Wannan duka aikin yini guda ne. Amma ƙarar inji ba ta ɓoyuwa da sauƙi. Wanda ya iya saurare shina iya sanin inda ciwon shi ke, da kuma irin kuɗɗin da za shi ci, tun bai kwance lalita ba.

ABIN DA KE CIKIN INJI

Cikin inji akwai wani rami zagayayye da ake kira silinda. Cikin ramin akwai fisto, shina hawa shina sauka kamar taɓarya cikin turmi. A jikin fisto akwai zobba na ƙarfe, ringi ke nan, wasu makanikai na ce musu sigima. Su ke hana iska zurarewa ƙasa, su hana baƙin mai hawa sama. Ƙarƙashin fisto akwai wani hannu na ƙarfe, sunan shi biyel. Shi ke riƙe da fisto, shina tura babban ƙarfen da ke juyawa a gindin inji, wanda makanikai ke kira bilbirike. Bilbirike na kwance bisa boris, wato zoben nan mai ƴan ƙwallayen ƙarfe. Can bisa kan inji kuwa akwai ƴan ƙofofi biyu, supap. Ɗaya na buɗewa esansi da iska su shiga. Ɗaya na buɗewa hayaƙi shi fita.

In moto na gudu bisa hanya, bilbirike na juyawa fiye da sau 4000 cikin minti ɗaya. Abin da ke hana ƙarafan nan cin juna shi ne baƙin mai, wanda bai fi litar guda ba. In man ya rage, ko ya tsufa, ko ƙura ta shiga, ƙarfe shi fara cin ƙarfe. In ƙarfe ya cinye sai a samu rata. Ratar ce ke ƙara.

Ya kamata mai saye shi san iri biyu na inji, don nan ake yawan cutar mutane. A shekarar 1975 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da wani moto mai suna CG125. Kafin nan ma'aikatan shi sun zagaya ƙasashen Asiya, sunka tarar mutane na loda wa babura kaya fiye da ƙima, ba su kuma canza mai sai inji ya fara kuka. Sai sunka ƙera inji mai jure wahala. A cikin shi wasu sanduna biyu ke tura supap. Da yawa daga baburan ƙasar Sin masu lamba 125 ko 150 da ke kasuwanninmu, wanga inji anka kwaikwaya. Iri na biyu shi ne mai ƙaramar sarƙa cikin inji, wadda ke juya abin buɗe supap. Ƙananan babura masu kwantaccen inji, da Bajaj Boxer na ƙasar Indiya, suna cikin wanga iri. To, in makaniki ya ce sarƙar cikin inji ta lalace, alhali moton mai sanduna ne, ko dai bai san aikin shi ba, ko kuwa shina son kuɗɗin abin da babu.

A ZO DA SAFE

Ba a sauraren inji da zafi. Mai saye shi nemi a nuna mishi moto da sassafe, bayan ya kwana ba a tada shi ba. Kafin komi shi ɗora bayan hannu bisa inji. In ya ji ɗumi, an riga shi. Mai sayarwa ya tada moton ya ɗumama shi, don wasu ƙararraki na lafawa in ƙarfe ya yi zafi ya kumbura. Ba faɗa ba ne. Sai a ce a bari sai gobe.

Daga nan shi kwance marfin baƙin mai, shi shafa man tsakanin yatsu biyu. In man ya yi kauri kamar zuma, shina danƙo, akwai magana. Wasu na zuba man giyar mota mai kauri don shi toshe ratar ƙarafa, inji shi yi shiru kwana biyu ko uku. In man na da tsaki-tsaki, ko shina ƙyalli cikin rana kamar an barbaɗa garin ƙarfe, inji na cin kan shi. In man sabo ne fes, amma sauran moton duk datti, shi ma abin tambaya ne.

Sannan shi taka kik a hankali, ba tare da ya kunna makulli ba. Inji mai lafiya shina turjewa ƙarƙashin ƙafa, a ji ya yi tauri wuri ɗaya kafin shi wuce. In ƙafa ta faɗa sululu kamar an taka rami, ringi sun cinye, ko supap ba su rufewa daidai.

Kasuwa ba wurin saurare ba ce. Ranar kasuwar Tunfafi ko ta Tamaske, mutum ko muryar kan shi ba ya ji sosai. A ja moton bayan gari, gindin icce. Moto mai fasasshiyar salansa kuwa, wanda ke ruri kamar injin niƙa, ba a iya jin komi cikin shi. Wasu matasa da gangan su ke huda salansa don a san sun iso. Mai saye shi sa a toshe bakinta kaɗan da tsumma mai kauri, na ɗan lokaci, don ƙarar inji ta fito.

Makanikai na da wata dabara da kowa ke iya koya. A ɗauki dogon ƙarfen kwance kusa, ko sandar icce busassa mai tsawon kamu ɗaya. A dafa kan ta bisa inji, a kanga ɗaya kan ga kunne. Ƙarar wurin da anka dafa ita kaɗai za ta shigo kunne. A fara daga sama, a sauko tsakiya, a ƙare a gindi. A kiyaye da salansa, tana ƙona hannu. A kiyaye da wayar buji, tana fizga. A kuma tattare babbar riga da rawani nesa da sarƙa.

ƘARAR SAMA

In ƙarar na fitowa daga kan inji, siririya, tik-tik-tik, kamar keken ɗinki, yawanci supap ne. Tsakanin supap da abin da ke danna shi akwai wata ƴar rata da maƙera sunka bari da gangan. Ba ta kai kaurin takardar littafin karatu ba. In ta buɗe fiye da haka sai ta yi ta ƙyasƙyas. Gyaran ba shi da wuya. Makaniki shi buɗe marfi, shi daidaita ƙusa biyu, shi rufe. Ba a sayen kaya, kuɗɗin hannu kaɗai ne. Amma sai inji ya huce sarai ake yin shi.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Ƴar ƙarar supap ta fi shirun supap alheri. Akwai masu moto da ke matsa wa makaniki shi ɗaure supap tam don inji shi yi tsit. In an ɗaure fiye da ƙima, ƙofar ba ta rufewa sosai in ta yi zafi. Wuta ta riƙa bi ta gefe tana cin bakinta. Moto shi rasa ƙarfi, shi riƙa wuyar tashi, shi riƙa mutuwa in an tsaya. A ƙarshe sai an sauke kan inji an sayi sabon supap. An guji ƙarar dala ashirin an faɗa gyaran jikkuna.

In kuwa an daidaita supap, bayan mako guda ƙarar ta komo, to ba rata ba ce. Ƙarafan da ke danna supap sun cinye, sau da yawa don mai bai isa sama ba. Wannan sai an sayi kaya.

A moto mai sarƙar ciki, ana iya jin kacau-kacau daga gefen silinda, kamar ana jan tasbaha cikin kwano. Sarƙar ta saki. Wani lokaci abin da ke tamke ta ne ya gaji, wani lokaci ita kanta ta miƙe. Gyaran matsakaici ne. Amma ba a barin shi. In sarƙar ta tsallake haƙori, ko ta tsinke bisa gudu, fisto na iya bugun supap shi lanƙwasa su.

Akwai kuma ƙarar tsut-tsut daga wurin da salansa ta haɗu da inji, da baƙin tabo a wurin. Wannan ba komi ba ne. Wani ɗan zobe ne ya mutu, hayaƙi na fita ta gefe.

ƘARAR TSAKIYA

In an tada inji da sanyi anka ji ƙwal-ƙwal daga tsakiyar silinda, bayan ƴan mintoci ƙarar ta lafa, fisto ne ke bugun bango. Ramin ya yi mishi faɗi. Nan ne mai sayarwa ke cewa: “Malam, ai ƙarar sanyi ce, bari shi ɗumama.” Gaskiya ne tana lafawa. Amma ratar na nan, kullum ƙaruwa ta ke.

A duba hayaƙi. Mai saye shi tsaya bayan moto, wani shi murɗa shi saki. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, mai ƙaurin ƙonannen mai, alama ce baƙin mai na hawa sama shina ƙonewa. Ringi ke nan sunka mutu, ko robar wuyan supap. Baƙin hayaƙi kuwa esansi ne ya yi yawa. Wannan aikin karbirato ne, ko matacin iska ya toshe, ba shi da tsada. Tsofaffin mobilet da sauran babura da ake garwaya musu mai cikin esansi, su hayaƙi mai shuɗi halinsu ne, ba ciwo ba. A kuma kwance buji a duba bakin shi. In ya yi launin ƙasa-ƙasa, busasshe, lafiya lau. In ya jiƙe da baƙin mai, ya faɗi abin da mai sayarwa bai faɗi ba.

Gyaran tsakiya ba a sauke gindin inji. Ana cire kai da silinda. In ramin bai ci sosai ba, sabbin ringi sun isa. In ya ci, ko dai a sayi sabuwar silinda da fistonta, ko a kai tsohuwar birni a ƙwaƙule ta a sa fisto mafi girma. Girman na hawa mataki-mataki, ana rubuta shi bisa kan fisto: 0.25, 0.50, 0.75, 1.00. Wanda ya iya karatu ya samu riba nan. In an buɗe inji ya ga 1.00, ya san an kai maƙura, ba sauran ƙwaƙulewa. In mai sayarwa ya rantse ba a taɓa buɗe injin ba, sai ga 0.50 bisa kan fisto, magana ta ƙare.

Akwai wata ƙara ta tsakiya wadda ba ta tsufa ba ce. Ba a jin ta sai bisa hawa, da rana tsaka, da kaya, an murɗa a babbar giya. Tana yi kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani ana girgizawa. Esansi ne ke fashewa tun lokacin shi bai yi ba. Abin da ke kawo shi: esansin da anka surka da kananzir, ko inji ya yi zafi ƙwarai, ko baƙin gawayi ya taru bisa kan fisto, ko esansi bai isa ba iska ta yi yawa. Masu hawan tuddan Buza da Garhanga sun san ta. Maganin farko a rage giya, a sauƙaƙa hannu, a canza wurin sayen mai. In an yi kunnen ƙashi, wata rana fisto shi huje.

ƘARAR GINDI

Nan kuɗɗi su ke. Ƙarar gindi ba siririya ba ce. Tana da nauyi, gwaf-gwaf, kamar ana daka cikin gida na uku. Ana jin ta har a tafin ƙafa bisa matakala. In biyel ne ya samu rata, ƙarar ba ta lafawa in inji ya yi zafi. Ƙaruwa ma ta ke, don mai ya tsinke. Ta fi fitowa in an murɗa farat ɗaya, ko lokacin da anka saki, ko in moto na jan kaya. In boris ɗin bilbirike ne, ana jin gurnani, gur-gur-gur, mara yankewa, moton duka shina makyarkyata.

Makaniki na iya tabbatarwa ba tare da ya fasa inji ba. Shi buɗe marfin gefen hagu, inda faifan wuta shi ke, shi kama faifan shi ɗaga sama shi danna ƙasa. In ya yi motsi har ana ji, boris sun tafi.

Don a kai ga biyel sai an sauke inji daga jikin moto, an cire kai, da silinda, da kuloci, an raba gindin biyu. Duk takardun da ke tsakanin ƙarafa sai sabbi. Biyel kuwa matse shi anka yi cikin bilbirike tun daga masana'anta. Fitar da shi da mayar da sabo na son injin matsi, da gwani mai daidaita shi. Wanda anka buga da guduma bisa dutse ba ya komawa daidai. Moton shi riƙa rawa, shi cinye sabbin boris cikin ƴan watanni. Shi ya sa sau da yawa sayen bilbirike sukutum da biyel ɗin shi ya fi. Kuma da wuya a buɗe gindin inji a tarar da abu ɗaya kaɗai ya lalace. Garin ƙarfen da biyel ya zubar ya riga ya bi mai ya zagaye ko'ina.

Moto mai ƙarar gindi ba a ci gaba da hawan shi. In biyel ya tsinke bisa gudu shina iya fasa gidan inji, taya ta baya ta kulle, mahayi shi faɗi.

Amma kada kowace ƙarar ƙasa ta tada hankali. In moto na tsaye ba cikin giya ba, ana jin kwaram-kwaram daga gefen dama, da an matse kuloci sai ta ɓace, to kwandon kuloci ne ya ɗan saki. Ana iya shekara da shi haka. In kuwa ba a jin ƙara sai moto na tafiya, a duba sarƙar baya tukuna. Ta yiwu ta saki tana bugun marfinta. Sarƙa mai kyau tana wasa sama da ƙasa misalin yatsa biyu. In haƙoran faifanta sun lanƙwashe kamar ƙugiya, a canza sarƙa da faifai biyu gaba ɗaya, don tsohon faifai na cinye sabuwar sarƙa. Kafin a zargi inji kuma a bi ƙusoshi. Gargadar hanya na kwance ƙusa kullum. Ƙusar da ke riƙe inji in ta saki tana ƙara kamar biyel. Kuɗɗin ɗaure ta godiya ce.

LISSAFIN GYARA

Farashin kayan moto ba ya zama wuri ɗaya. Da yawa daga cikin kayan ta Najeriya su ke shigowa, ta Ƙonni da Maraɗi. In naira ta motsa, farashi shi motsa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024, masu gyara sun ga wuyar kaya. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin tsadar. Daidaita supap ne mafi arha. Sarƙar ciki ta bi mishi. Sai ringi. Sai silinda da fisto. Bilbirike da boris su ne kan gaba. Gwargwadon nisan ƙara daga kan inji, gwargwadon nauyin kuɗɗinta.

Kowane gyara kashi huɗu ne: kuɗɗin kaya, kuɗɗin hannu, kuɗɗin kai moto wurin gyara, da kwanakin da za shi yi kwance. Mutane na lissafa biyun farko su manta da biyun ƙarshe. Mutumin Ibohaman ko Ƙarofane da moton shi ya mutu, in kayan babu a kusa, sai an aika Tawa ko Madawa. In an kawo wanda bai yi daidai ba, sai an sake aikawa. Duk kwanakin nan hayar kabu-kabu shi ke biya.

Ga misali na lissafi, irin na allon makarantar yaƙi da jahilci. Lambobin misali ne kawai, kowa shi sa na kasuwar shi. A ce ga babura biyu. Na farko jika 200, amma shina ƙarar gindi. Na biyu jika 260, ba shi da komi sai ƙarar supap da tsohuwar sarƙar baya. Ido shi ce na farko ya fi arha da jika 60. A ce makaniki ya ƙiyasta gyaran na farko, kaya da hannu, jika 70. A ƙara jika 10 na ɗauka da zirga-zirga. Ya zama jika 280. Na biyu a ce gyaran shi jika 12. Ya zama jika 272. Mai arhar ya komo mai tsada. Ga shi kuma injin da anka fasa, wanda lafiyar shi ta rataya ga hannun wanda ya haɗa shi.

Wannan ba ya nufin kada a taɓa sayen moto mai ƙara. In mai sayarwa ya yarda da ciwon, ya rage kuɗɗin gyaran duka daga farashi, akwai kuma amintaccen makaniki kusa, ana iya saye. Abin ƙi shi ne cinikin biri a sama. Mai saye shi tafi da makanikin shi, ba na mai sayarwa ba, shi biya shi ladan dubawa. Shi kuma duba lambar da ke jikin inji da ta jikin ƙarfen moto, shi gwada su da abin da ke rubuce cikin takardu, harafi bayan harafi. Moton sata ko injin shi na da lafiya ba saye ba ne.

Wurin makaniki ma akwai ƙa'ida. A yi jinga kafin a kwance ƙusa ɗaya. Makaniki shi faɗi kayan da za a saya, mai moto shi rubuta su ɗaya-ɗaya da farashinsu. In an buɗe anka tarar da wani abu daban, a kira mai moto shi gani da idon shi kafin a saya. Tsofaffin kayan da anka cire a ba shi abin shi. Makanikin kirki ba ya jin haushin wannan. Kayan ma iri-iri ne cikin kwali iri ɗaya, akwai mai kyau akwai jabu. Ana iya tsimi ga madubi ko marfin gefe. Ga biyel da boris kuwa tsimi asara ce, don in sun mutu kuɗɗin hannun fasa inji sai an sake biya.

ABIN DA KE TSUFAR DA INJI A ƘASARMU

Aikin raya karkara na Keita, wanda anka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya, ya buɗe hanyoyi zuwa ƙauyuka da yawa. Amma yawancin hanyoyin Adar da Majiya na jar ƙasa ne da tsakuwa. In hunturu ya busa, ƙura ko'ina. Ƙurar da ta shiga inji aikin dutsen wasa ta ke yi wa ringi da silinda. Mai tsaron ƙofa shi ne ɗan soson matacin iska. Wasu na cire shi su yar, wai moto ya fi gudu. Ya fi gudu zuwa gareji. Soson ana wanke shi, a bar shi shi bushe, a ɗiga mishi ɗan baƙin mai a matse, a mayar. Mai saye shi buɗe akwatin soson. In ya tarar babu soso, ko ya yage, ya san abin da injin ya sha.

Esansi ma haka. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, amma ƙauyukan bakin iyaka irin su Bangi sun daɗe da sabawa da man kwalba daga Najeriya. Da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, wanga mai ya yi tsada. In abu ya yi tsada, masu surki na ƙaruwa. A ɗaga kwalba a duba gindinta cikin haske. A tace da tsumma mai tsabta kafin a zuba.

Baƙin mai kuwa, bisa irin hanyoyinmu, makanikai na son a juye shi misalin kowace kilomita 1000. A nemi na moto, wanda ke cikin galan rufaffe. Wani man mota na sa kuloci santsi. Wanda anka juye daga wata mota anka tace, ko kyauta ne ya yi tsada. In agogon kilomita ya mutu, kamar yadda ya mutu ga babura da yawa, a rubuta ranar juye cikin ɗan littafi, a ajiye ƙarƙashin kujera.

Injin da anka sa wa sabon fisto ko sabon bilbirike jinjiri ne. Kilomita 500 na farko ba gudu, ba goyon mutum biyu, ba buhun albasa a baya. In tafiya na da nisa a riƙa tsayawa inji shi huce. Bayan nan a juye mai, a sake daidaita supap, a bi ƙusoshin kan inji, sannan a ɗora mishi kaya.